Inuwar Benen Maƙwabci: Yadda Gidaje Hawa Uku Suka Haɗa Gwamnati Da Birane Faɗa A New Zealand

Ranar 13 ga Satumba, 2022, kansilolin birnin Christchurch suka zauna a kan wata takarda da doka ba ta bar musu zaɓi a kanta ba. Majalisar dokokin ƙasa ta riga ta gama magana tun watanni tara da suka wuce. Abin da ya rage musu shi ne su gyara taswirar birninsu ta dace da sabuwar dokar gine-gine, su fitar da ita ga jama'a. Ma'aikatansu sun ja musu kunne cewa ƙin yin hakan saɓa doka ne. Suka saurara, aka kaɗa ƙuri'a, goma suka ce ba su yarda ba, biyar suka ce a bi doka.

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Christchurch ne ta hanyar baƙin labari: harin da aka kai masallatai biyu ranar Juma'a 15 ga Maris, 2019, inda aka kashe masallata 51. Kafin nan akwai girgizar ƙasa ta Fabrairun 2011 da ta ci rai 185 ta kuma rushe tsakiyar garin. Birni ne shimfiɗaɗɗe, mai itatuwa da lambuna, mutanensa na alfahari da laƙabinsa na birnin lambu. Ba wurin da mutum zai yi tsammanin tawaye ba ne. Amma a wannan rana shi kaɗai ne cikin manyan biranen ƙasar ya dubi gwamnatin tsakiya ya ce a'a. Abin da ya jawo haka kuwa bai wuce tambaya guda ba: wa ke da ikon cewa ga tsayin da gida zai kai a unguwa, kuma ga yawan iyalan da za su zauna a fuloti ɗaya?

Ƙasa mai fili, mutane ba gida

Abin zai ba Bahaushe mamaki. New Zealand ta fi Birtaniya faɗin ƙasa, amma mutanenta ba su fi miliyan 5 da 'yan kai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku suna zaune a birni guda, Auckland. Duk da haka, a 2021 gida ya zama abin da matashi mai aikin albashi ke hange daga nesa. A Nuwamban shekarar, matsakaicin farashin gida a Auckland ya kai wajen dala miliyan 1.3 na kuɗin ƙasar, fiye da ninki goma na abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara. Ƙidayar 2018 ta nuna kashi 64.5 cikin 100 na iyalai ne ke zaune a gidan kansu, adadi mafi ƙanƙanta tun farkon shekarun 1950. Masu jiran gidan gwamnati, waɗanda ba su wuce kimanin 5,000 ba a 2017, sun haura 25,000 a 2022. Gwamnati ta koma biyan kuɗin ƙananan otal-otal tana ajiye iyalai da 'ya'yansu a ɗaki ɗaya, har garin Rotorua, wanda aka sani da 'yan yawon buɗe ido, ya yi suna da wannan.

Dalilai suna da yawa, daga ƙarancin kuɗin ruwa a bankuna zuwa yawan baƙi masu shigowa. Sai dai akwai dalilin da masana tattalin arziki na dama da na hagu suka haɗu a kansa: dokokin unguwa. Mafarkin ɗan New Zealand tun kaka da kakanni shi ne gida ɗaya a tsakiyar rubu'in eka, da ciyawa gaba da baya. Rubu'in eka ya ɗan ɗara fuloti biyu na hamsin da ɗari irin namu. Majalisun birane suka mayar da wannan mafarki doka. A yawancin unguwanni ba a yarda ka gina fiye da gida ɗaya a fuloti ba, ba a yarda ka wuce hawa biyu ba, dole ka bar wurin ajiye mota. Mai son wuce haka sai ya nemi izini na musamman a ƙarƙashin babbar dokar muhalli ta 1991, wadda ake kira RMA, ya biya lauyoyi da masana, ya yi watanni yana jira, wani lokaci maƙwabci ya sa ƙafa ya shure komai.

Ƙasar ba ta da jihohi. Daga gwamnatin tsakiya da ke Wellington sai majalisun birane da na yankuna. Su ne ke zana taswira, su ne ke ba da izinin gini. Shekara da shekaru ministoci na roƙo, majalisun na cewa to, ba a ganin canji.

Ranar da abokan hamayya suka tsaya a munbari ɗaya

Gwamnatin Labour ta Jacinda Ardern ta fara da umarni a 2020: a manyan birane dole a ƙyale gini ya kai aƙalla hawa shida a duk inda mutum zai iya takawa da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa ko tsakiyar gari, kuma a daina tilasta wa magina ware wurin ajiye mota. Majalisun suka fara jan ƙafa. Sai a Oktoban 2021 aka ga abin da ba a saba gani ba. Ministar gidaje Megan Woods da ministan muhalli David Parker suka fito gaban 'yan jarida tare da shugabar adawa Judith Collins da Nicola Willis ta jam'iyyar National, suka sanar da ƙuduri guda da sunan ɓangarorin biyu. Kafin ƙarshen Disamba ya zama doka.

Dokar gajeriya ce idan aka cire surutun lauyoyi. A Auckland, Hamilton, Tauranga, Wellington da Christchurch da garuruwan da ke kewaye da su, mai fuloti na iya gina gidaje uku, kowanne hawa uku har da na ƙasa, tsayin mita 11, ba tare da neman wancan izini na musamman ba. Ba a tilasta wa kowa ya rushe gidansa ba. An dai cire wa majalisa, da maƙwabci, ikon hana shi.

Hikimar haɗa kan jam'iyyun biyu a fili take. Duk wanda ya taɓa unguwannin masu hali shi kaɗai, zai sha ƙasa a zaɓe. Idan kowa ya tsoma hannu a miyar, ba mai nuna wa wani yatsa. Jam'iyyar ACT ta David Seymour ce ta ƙi, abin da ya ba wasu dariya, domin ita ce ke yawan wa'azin a sakar wa kasuwa mara. Amma Seymour na wakiltar Epsom ne, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi tsada a Auckland.

Hujjar rana

Mu koma Christchurch. Ba daidai ba ne a ɗauki kansilolin nan a matsayin masu taurin kai kawai. Suna da hujjoji, ɗaya daga ciki ma tana da ƙarfi.

Sun ce matsalar Auckland ce aka ɗinka wa riga aka ce kowa ya sa. Bayan girgizar ƙasa an buɗe filaye da yawa a gefen birninsu, an yi ta gini, har gida ya fi araha nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Auckland. Sannan ga batun rana. Christchurch tana can kudu sosai, inda tsakiyar hunturu ke faɗawa a watan Yuni. A irin wannan lokaci, ko da tsakar rana, rana ba ta ɗagawa sama da digiri 23 daga ƙasa. A Auckland takan kai kusan 30. A Kano, ko a tsakiyar sanyin Disamba, tana haura 54. Ma'anar wannan ga mai gida ita ce bene mai mita 11 zai jefa inuwar da ta kai kusan mita 26, wato ya lulluɓe gidan maƙwabci baki ɗaya, a garin da ake tashi da safe a tarar da raɓa ta daskare, kuma tsofaffin gidajen katako ba su riƙe ɗumi. Mu da muke neman inuwa ruwa a jallo sai mun yi tunani kafin mu gane cewa a can inuwa ita ce azaba.

Amma akwai ɓangaren kukan da ba sai an fassara mana ba. Duk wanda maƙwabcinsa ya taɓa tayar da bene, taga ta buɗe kai tsaye kan tsakar gidan da iyalinsa ke girki da wanki, ya san irin ƙunan da abin ke sa wa a rai. Mazauna unguwannin Christchurch sun yi wannan kuka, da na sare itatuwa, da na motoci da za su cika bakin titi.

Sai dai a duba kalanda. An kaɗa waccan ƙuri'a saura ƙasa da wata guda zaɓen ƙananan hukumomi na 8 ga Oktoba. A irin wannan zaɓe kusan mutum huɗu cikin goma ne ke damuwa su jefa ƙuri'a, kuma akasarinsu dattawa ne masu gidan kansu. Su ne ke da ƙungiyoyin unguwa, su ne ke da lokacin zuwa zauren majalisa da hantsi ranar aiki. Ma'aikaciyar jinya da ke haya a bayan gari tana tuƙin awa guda zuwa asibiti ba ta cikin zauren. Iyalin da za su zauna a gida na biyu da na uku a fulotin nan ba su ma san da kansu ba tukuna, balle su zo su yi magana. Kansila kuwa wanda ya gani a gabansa shi yake wa aiki. A ganina nan ne asalin rikicin yake, ba a kusurwar rana ba. Majalisar birni tana wakiltar waɗanda suka riga suka samu wuri. Waɗanda ba su samu ba, in dai akwai mai wakiltarsu, gwamnatin tsakiya ce.

Gwamnati na da ikon tsige wa majalisar wannan aiki ta naɗa kwamishinoni. Ba ta yi ba. Ta tura mai shiga tsakani, John Hardie, a Nuwamba. A Maris na 2023 majalisar, ƙarƙashin sabon magajin gari Phil Mauger, ta fitar da taswirar, amma da wata dabara: ta ayyana hasken rana a matsayin uzuri na musamman da ya shafi birnin gaba ɗaya, wanda ya rage girman abin da za a iya ginawa. Dokar ta ba da damar kawo uzuri a wuraren da ke da dalili, kamar ambaliya ko kayan tarihi. Christchurch ta ɗauki wannan 'yar ƙofa ta shigar da gari guda ta ciki.

Alƙawarin da bai kai shekara biyu ba

Ana cikin haka haɗin kan manya ya wargaje. A Mayun 2023, zaɓe na ƙaratowa, sabon shugaban National Christopher Luxon ya shaida wa wani taron jama'a a Auckland cewa jam'iyyarsa ta yi kuskure a kan dokar hawa uku. Bayan 'yan kwanaki National ta ce idan ta hau mulki za ta bar wa majalisu zaɓi. Ta kuwa hau, tare da ACT da New Zealand First.

Masu adawa da bene suka yi murna, amma murnar ta koma ciki. Mutumin da aka ba ma'aikatar gidaje, Chris Bishop, ya fito ya ce a fili yana son farashin gida ya sauka, maganar da 'yan siyasa ke tsoron furtawa a ƙasar da dukiyar yawancin masu zaɓe ke kwance a gidajensu. Sharaɗinsa shi ne: majalisa na iya fita daga dokar hawa uku, amma sai ta nuna a taswira cewa ta buɗe wurin da zai isa buƙatar gidaje ta shekara 30. Kin ƙi hawa uku a ko'ina, to sai ki yarda da hawa shida ko goma a wani wuri.

Wellington ta nuna cewa ba kullum majalisa ce ke taka birki ba. A can, kwamitin masana mai zaman kansa ne ya ba da shawarar a kare tsofaffin unguwanni masu gidajen katako na zamanin Turawan farko, har ya ce layin dogon Johnsonville bai cancanci a kira shi jirgin gaggawa ba, don haka ba sai an yi dogayen gidaje a tashoshinsa ba. A Maris na 2024 kansiloli, ƙarƙashin magajiyar gari Tory Whanau ta ɓangaren masu rajin muhalli, suka yi watsi da shawarwarin, suka rage yankin da aka keɓe daga sama da hekta 300 zuwa kimanin 85. Magana ta je teburin Bishop, ɗan jam'iyyar dama, ya goyi bayansu a yawancin abin da ya shafi yawan gidaje. Bambancin Wellington shi ne 'yan haya da ɗalibai sun yi shekaru suna shirya kansu, sun cika zauren, sun kuma zaɓi nasu.

Auckland: gwaji, ambaliya, da miliyan biyu

Duk wannan gardama da ta tsaya a fatar baki da ba don Auckland ta riga ta gwada ba. A 2010 aka haɗe majalisu takwas suka zama ɗaya, aka ce ta rubuta taswira guda. An sha rigima. A Fabrairun 2016 kansiloli suka janye wani ɓangare na shirin bayan ihun masu gidaje. Kwamitin sauraro mai zaman kansa ya dawo da shi ya ma ƙara, gwamnati na zare ido daga Wellington, majalisa ta amince a Agusta. Kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama aka sassauta wa doka.

Sakamakon ya fito a ƙididdiga. Izinin gina sababbin gidaje ya tashi daga wajen 10,000 a 2016 zuwa sama da 21,000 a 2022, kuma mafi yawan ƙarin gidaje ne masu jingine da juna a wuraren da aka sassauta. Ryan Greenaway-McGrevy na Jami'ar Auckland, wanda ya bi diddigin abin, ya ƙiyasta cewa bayan shekara shida kuɗin haya ya yi ƙasa da abin da zai kasance da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu masana sun ƙalubalanci lissafin, amma ba wanda ya musanta cewa an yi gini. Wani abin lura: unguwannin da aka fi karewa da sunan tarihi, irin su Ponsonby da Mount Eden, su ne mafi kusa da tsakiyar gari, kuma mafi tsada. Cunkoson ya sauka ne a kan unguwannin talakawa na kudu da yamma.

Sai ga ruwan 27 ga Janairu, 2023, wanda ya ci mutum huɗu ya cika dubban gidaje, guguwar Gabrielle ta biyo baya bayan kimanin mako biyu. Nan majalisar Auckland, ƙarƙashin Wayne Brown, ta samu hujjar da ba ta da amsa: ana tilasta mata ƙara gidaje, alhali tsarin bai ba ta damar rage gini a hanyar ruwa ba. A Agustan 2025 aka yi doka da ta ba ta damar janye tsohon shirin, bisa sharaɗin sabon ya buɗe wuri daidai da na da, kimanin gidaje miliyan 2, da gine-gine masu hawa 15 a kusa da wasu tashoshin sabon layin dogo na ƙarƙashin ƙasa da ya ci kusan dala biliyan 5.5. Ba wai za a gina miliyan biyu ba ne. Lissafin abin da doka ta halatta ne idan kowa ya gina iya iyakarsa. Amma adadin ya firgita mutane, Seymour kuma, a lokacin yana mataimakin firayim minista, ya fito yana sukar shirin abokin aikinsa saboda mazaɓarsa.

Wa zai biya kuɗin bututu?

Akwai kukan majalisu da ya fi na rana gaskiya, shi ne kuma aka fi yi wa kunnen uwar shegu. Idan aka gina gida, harajin kashi 15 cikin 100 na kayan gini da harajin albashin magina duk Wellington suke tafiya. Bututun ruwa, lambatu, titi da kwashe shara kuwa na majalisa ne, wadda kusan ba ta da wata hanyar kuɗi sai harajin gidaje da bashi. A Wellington an kai matsayin da wajen kashi 40 cikin 100 na ruwan famfo ke tsiyayewa a ƙasa kafin ya isa gida. Ka ce wa kansila ya ninka mutanen unguwa sau uku a kan bututun da ya girmi kakansa, sannan ya koma ya ƙara wa masu zaɓensa haraji. Labour ta yi ƙoƙarin karɓe harkar ruwa daga majalisu ta haɗe ta, abin ya zama wata rigimar, sabuwar gwamnati ta soke shi a Fabrairun 2024.

Irin wannan ja-in-ja ba baƙo ba ne a wajenmu, sai dai hukuncin ya bambanta. A 2003 Kotun Ƙolin Najeriya, a ƙarar da Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ba na Tarayya ba. A New Zealand ba kotun da za ta tsaya wa majalisa haka, domin duk ikon da take da shi majalisar dokokin ƙasa ce ta ara mata, kuma tana iya karɓewa da doka ɗaya.

Idan aka tambaye ni, gwamnatin tsakiya ce ke da gaskiya a kan izini. Shekara talatin aka bar wa majalisu wuƙa da nama, abin da aka samu shi ne yara suna girma a ɗakin otal. Amma ba ta da gaskiya da take aika umarni ba tare da kuɗin bututu ba, kuma ta yi wa kanta illa da ta bari ministocinta ke canza baki duk lokacin da inuwar ta kusa unguwarsu.

Christchurch dai ta ja zarenta kusan shekara uku. Kwamitin sauraro ya ƙi uzurin hasken rana, majalisa ta ƙi shawarar kwamitin, aka miƙa wa minista. A Yunin 2025 Bishop ya yi watsi da uzurin tare da yawancin sauran buƙatun majalisar, kuma doka ba ta ba da damar ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa ba. Wata biyu bayan haka, dokar da ta sassauta wa Auckland ta ba Christchurch ita ma damar ficewa daga tsarin hawa uku a sauran unguwanninta, muddin ta nuna wurin gidajen shekara 30.